Dalilin da ya sa rigakafin larurar ƙwaƙwalwa ke farawa daga gida da makaranta

Abuja — Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan soma ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba.

Shi ya sa masana lafiyar al'umma ke ganin cewa jira sai an kai matashi asibiti makara ce. Yaron da ya daina samun barci, ya ƙaurace wa abokai, karatunsa ya ja baya, iyaye da malamai ne ke fara lura da shi. Sau da yawa kuwa sai a ce taurin kai ne, ko shafar aljanu.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958 da ta fi karkata ga tsare marasa lafiya. Sabuwar dokar ta tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, inda talaka ke fara zuwa.

Shaye-shaye ma babbar ƙofa ce. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin, amma haramci kaɗai bai wadatar ba. Shirin Unplugged, wanda aka gwada a sakandaren tarayya, na koya wa ɗalibai cikin darussa 12 yadda za su bijire wa matsin abokai.