Kakar Inabi a Kakheti

Wanda ya baro Tibilisi, babban birnin Jojiya, ya nufi Telabi ta hanyar Gombori, zai sha kwana-kwana. Titin yana ta murɗewa cikin kurmi, yana hawa har sai ya haura mita 1,600, sannan ya fara gangara. Daga nan ne kwarin kogin Alazani ke bayyana, shimfiɗe fetal, duwatsun Kokesas suna tsaye a bayansa. Nan ce Kakheti, ƙasar inabi. Duk inda ido ya kai kuringa ce jere a kan waya, kuma da wuya ka ga gidan da ba a yi wa tsakar gidansa rumfa da ita ba.

In da hali, a zo a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin rtveli. Kalmar tana da wuyar faɗi a bakinmu, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne: kaka ce da ake yi da gayya. 'Ya'ya da jikokin da ke aiki a birni duk sai sun komo ƙauye, maƙwabta su shigo, yau a tsinke gonar wannan, gobe ta wancan. Tun da sassafe ake shiga da wuƙa ko almakashi, kowa da bokitinsa. Direba sai ya yi haƙuri a waɗannan makonni, domin titi cike yake da tsofaffin motocin kaya na zamanin Sobiyet, an labta musu inabi, ruwansa na ɗiga a kan kwalta.

Irin inabin da Jojiya ke da shi ya haura 500, sai dai a Kakheti biyu ne suka yi kaka-gida. Akwai Rkatsiteli, fari, akwai kuma Saperavi, baƙi, wanda ma'anar sunansa rini ce. Wanda ya wuni yana tsinkarsa, tafin hannunsa zai ba da shaida.

A gidajen da suka riƙe gargajiya, ana juye inabin cikin wani dogon kwami da aka fafe daga gungumen itace, a wanke ƙafa a shiga a tattake. Ruwan yana bi ta wani ɗan baki ya zuba cikin qvevri. Ita qvevri randa ce ta yumɓu, mai tsinin gindi, wadda ba ta iya zama da kanta, don haka ake binne ta har wuya a daɓen ɗakin da suke kira marani. Ana shafe cikinta da kakin zuma. Manyansu, idan za a wanke, sai mutum ya zura tsani ya sauka ciki ya dirje da ɓawon itace. A nan ake zuba ruwan inabi haɗe da ɓawonsa da ƙwayoyinsa, a rufe, a liƙe da laka, sanyin ƙasa ya riƙe shi har hunturu ya wuce. A 2013 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun da duniya ta gada, a 2017 kuma masu bincike suka bayyana cewa sun ga alamar giyar inabi a jikin wasu katangar tukwane da aka tono kudu da Tibilisi, masu shekara wajen 8,000. Kada ka yarda ka yi musu da mutumin Kakheti a kan wannan, dare zai same ku.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin mata, wanda ba ruwansa da maye. Sukan ɗebi ruwan inabi sabo, su ɗora a ƙatuwar tukunya, su zuba garin alkama suna tuƙawa da muciya har ya yi kauri kamar talge. Sunansa tatara. Tun kafin nan an riga an shirya 'ya'yan itacen nigozi, wato walnut, a zare da allura, kamar carbi. Sai a kama bakin zaren, a tsoma cikin tataran mai zafi, a danna da ludayi, a ɗago shi yana tsiyaya, a rataye a sanda ya sha iska. Bayan kwanaki ya zama churchkhela. Baƙo kan ɗauka kyandir ne aka rataye. Yara kuwa suna gefe da cokali, jira suke a ba su tukunya su kankare.

Da yamma sai supra, wato walima. A jera gurasa mai siffar kwalekwale, wadda ake mannawa a bangon tanderu, da cuku, da naman da aka gasa a garwashin busassun rassan kuringa. Musulmi ya tambaya kafin ya kai hannu, domin a wannan yanki galibi naman alade ne. Walimar tana da shugaba, tamada, kuma ba mai kai ƙoƙo baki sai ya yi magana. Zai miƙe da ƙaho a hannu ya ambaci zaman lafiya, da iyaye, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da yara, da baƙo. Kowane zagaye a amsa da "gaumarjos", wato nasara. Tsakani maza su ɗauki waƙa da murya uku, babu ganga babu molo. Baƙon da ba ya sha, gara ya faɗa tun farko, ƙarara. Za a ɗan yi masa magiya, daga baya a kawo masa ruwan inabi sabo.

Kuringa ta shiga har cikin addininsu. Sun ce Nino, matar da ta kawo musu Kiristanci a ƙarni na huɗu, da rassan inabi ta haɗa gicciyenta, ta ɗaure da gashin kanta. Kabarinta yana Bodbe, dab da Sighnaghi, garin nan mai ganuwa da ke kan tudu.

Mai son jin kiran salla kuwa sai ya juya mota arewa, ya wuce Akhmeta ya shiga kwarin Pankisi. Can ne mazaunin Kistawa, Musulmi, jikokin Checheniyawan da suka tsallako duwatsu a ƙarni na sha tara. Masallacinsu na dā yana nan a ƙauyen Duisi, kuma a can naman da za a sa maka a gaba ba sai ka tambaya ba.