Ƙaramin jirgin sama mai injin tarbin: haɗa shi da daidaita shi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin mutane waɗanda sha'awarsu ita ce ƙera ƙananan jiragen sama, su tayar da su, suna tsaye a ƙasa suna tuƙa su da akwatin radiyo. Mafi yawan jiragen nan farfela ke jan su. Amma akwai wani iri wanda ya fi sauran tsada da haɗari, shi ne mai injin tarbin, wato irin injin manyan jiragen fasinja, an dai ƙanƙanta shi har ana iya riƙe shi da hannu ɗaya. Tsawon jirgin yakan kai metir biyu, nauyinsa kilo goma ko fiye, kuma gudun kilometir 250 a awa ba abin mamaki ba ne gare shi. A shekara ta 2017, a ƙasar Jamus, wani mai suna Niels Herbrich ya kai nasa gudun kilometir 749 a awa. Mai karatu ya gane ke nan ba zancen motar kara ta yara muke yi ba.

An daɗe ana ganin ƙanƙanta wannan inji ba zai yiwu ba. A shekara ta 1983 ne wasu ƴan Ingila, ƙarƙashin jagorancin Gerry Jackman, suka tayar da ƙaramin jirgi da tarbin ɗin da suka ƙera da kansu. Bayansu wani Bajamushe, Kurt Schreckling, ya fito da tsari mai sauƙi wanda mutum zai iya yi a ɗakin aikinsa na gida, ya kuma bayyana shi cikin littafi. A Faransa kamfanin JPX ya sayar da injuna masu aiki da gas a farkon shekarun 1990. Yau kamfanoni irin su JetCat na Jamus suna sayar da inji haɗaɗɗe, tare da ƴar kwamfutar da ke lura da shi.

Aikin injin kuwa ga yadda yake. A gaba akwai wata ƴar ƙafa mai haƙora wadda ke zuƙo iska ta matse ta. Iskar ta shiga ɗakin wuta, a fesa mata kananzir, ɗan'uwan wanda ake zuba wa fitila, an gauraya shi da man shafe kamar kashi 5 cikin 100. Wutar ta kumbura iskar, ta fita ta baya da ƙarfi, a kan hanyarta ta juya wata ƙafa ta biyu wadda sanda ɗaya ta haɗa da ta gaba. Juyin sandan nan yakan wuce sau 100.000 a minti, zafin hayaƙin kuwa ya haura digiri 500.

Gangar jikin jirgin ba ita ce babbar wahala ba. Wasu suna yanka itacen balsa mai sauƙin nauyi su bi zane, amma yawanci ana sayen gangar a shirye, an yi ta da zaren gilashi da danƙon epoksi. Saura a liƙa katakan da za su riƙe inji, a sa bututun ƙarfe mai ruɓi biyu wanda zai fitar da hayaƙi ba tare da ya ƙona wutsiya ba, a ɗaura ƙafafu masu naɗewa da birki. A gefen baya na fukafukai da na wutsiya akwai ƴan marafai masu motsi, su ne linzamin jirgi. Kowane ɗaya yana da ɗan injin lantarki da ake kira sarbo, mai tura shi sama ko ƙasa bisa umurnin radiyo. Mai haƙuri da tsabtar hannu zai gama wannan cikin ƴan watanni.

Inda ake rabuwa tsakanin gwani da mai gaggawa shi ne daidaitawa, kuma farkonta cibiyar nauyi. Kowane jirgi yana da wani wuri a ƙarƙashin fiffike inda, in an tallabe shi, ba ya rinjaya gaba ko baya. Mai zanen jirgin yana faɗin wurin da milimetir. In nauyi ya yi yawa a hanci, jirgin yana tashi da ƙyar, ya sauka da gudu, amma yana bin umurni. In nauyin ya koma baya, ko da santimetir biyu ne ko uku, to ya zama dokin da ya ƙwace linzami: a taɓa shi kaɗan ya ɗaga kai, ya rasa iska, ya faɗo. Abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne mai. Jirgin yana tashi da litir uku ko huɗu, kowane litir na kananzir kuwa kusan giram 800 ne, kuma cikin minti kaɗan ya ƙone. Don haka ake ajiye tankin dab da cibiyar nauyi, ana kuma yin awo yawanci tankin na wofi, domin a haka jirgin zai zo sauka. In awo bai yi daidai ba, gara a gusa batura gaba da a cusa dalma a hanci.

Hanyar mai ma tana da nata sharaɗi. Kumfar iska guda in ta shiga bututu tana iya kashe wutar injin a sama. Saboda haka ake sa wani ƙaramin tanki tsakanin babban da famfo, aikinsa kawai tare kumfa. A bakin injin kuma ana sa raga, domin ɗan tsakuwa ya isa ya farfasa haƙoran ƙafar gaba. Duk wanda ya san ƙurar hunturu ta ƙasarmu ya san ragar nan ba ado ba ce.

Sai radiyo. A da ana aiki da tasoshi ƙididdigaggu, in mutum biyu suka hau tasha ɗaya a fili guda, sai umurninsu ya sarƙe. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma zangon gigahaz 2,4, inda kowane akwati yake gane jirginsa. Duk da haka umurni yana iya yankewa, kuma dole a koya wa jirgin tun a ƙasa abin da zai yi in ya daina jin ubangidansa: ya kashe inji cikin sakan kaɗan. Ana jarraba wannan a fili, a riƙe jirgi inji na aiki, a kashe akwatin umurni da gangan, a gani. A ganina wanda ya tsallake wannan jarrabawa bai cancanci a bar shi ya shiga filin jama'a ba, domin kilo goma cike da kananzir, ba matuƙi, ba ya zaɓen inda zai faɗa. Hukumomi ma haka suka gani. A Amurka ƙungiyar AMA ba ta yarda ɗanta ya tuƙa mai tarbin sai ya sami izini na musamman bayan gwanaye sun shaida shi. A Faransa, tun shekara ta 2018, duk jirgin da ya kai giram 800 sai an yi masa rajista.

Ranar tashin farko ana aje tukunyar kashe gobara mai iskar karbon kusa, domin mai gari tana ɓata inji. Wanda ya saba da farfela sai ya sake koyo, don tarbin ba ya amsa kira nan take: daga ƙaramin juyi zuwa cikakken ƙarfi yana ɗaukar ƴan sakan, alhali jirgi mai gudun kilometir 200 a awa yana cin metir 55 a sakan guda. Ke nan mai niyyar fasa sauka sai ya ba da wuta tun bai ga buƙata ba. Ana sa agogo, a taƙaita tashin ga minti uku ko huɗu, a sauko da sauran mai a tanki don a auna abin da aka ci. Bayan an kashe inji, kwamfutar takan ci gaba da juya shi da lantarki har ya huce, kuma tana rubuta lokacin da ya yi aiki, domin bayan awa 25 ana maida shi ga masu ƙera shi su duba ƙwallayen da sandan ke juyi a kansu.