Warshu da Hafsu: Alƙur'ani Ɗaya Ne

Yaron da ya tashi a makarantar allo a Kurfi ko Dutsin-Ma da ruwayar Warshu ya buɗe baki. In ya shiga Islamiyya sai a miƙa masa bugun Madina, watau ruwayar Hafsu, ya tarad da harafin fa, wanda ya sani da ɗigo a ƙasa, ya koma da ɗigo a sama. Wani malamin ma har ya ce masa ɓata yake yi. Wannan magana tana da nauyi, don haka muka ga ya kamata mu koma ga asali.

A yaƙin Yamama mahaddata da yawa suka yi shahada. Sayyidina Umar ya shawarci Halifa Abubakar a tattara Alƙur'ani wuri guda. Da fari ya ƙi, domin abu ne wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi ba. Daga baya ya yarda, ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin. Zaidu mahaddaci ne, amma bai dogara ga haddarsa kaɗai ba. Sai an kawo masa aya a rubuce, a kan fata ko ƙashi ko reshen dabino, da shaidu biyu, sa'an nan ya karɓa. Duk akawun da ya taɓa kwafar takarda ya san amfanin haka.

A zamanin Halifa Usmanu, Huzaifa ɗan Yamani ya ji mutanen Sham da na Iraƙi suna jayayya kan karatu a wajen yaƙin Armeniya. Usmanu ya aro takardun nan daga hannun Nana Hafsatu, ya sa mutum huɗu suka kwafe, ya aika Kufa da Basra da Sham, sauran kuwa ya sa aka ƙone. To, waɗannan Alƙur'anai ba su da ɗigo. Daga baya aka sa shi, mutanen Magrib suka bi tasu hanyar, mu kuma daga gare su muka gada.

Warshu, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 197 ta Hijira, ya karɓo daga Nafi'u na Madina. Hafsu kuwa daga Asimu na Kufa. Dukansu kan rubutun Usmanu suke. Bugun Alkahira na 1924 shi ya ƙara watsa Hafsu a duniya, bai kuwa soke Warshu ba. Har yau alaramma a ƙasar Katsina yakan rubuta izu sittin da ka, sa'an nan ya kai wa 'yan'uwansa alarammomi su duba masa kafin ya ba wani.