TAKOBIN KAKA: DAGA INA YA FITO?

Jama'ar zango, gidaje da yawa a cikinmu akwai tsohon takobi wanda kakanninmu suka zo da shi daga Arewa zamanin fataucin goro. Kwanan baya wani dillalin kayan tarihi ya taya na gidanmu, ya ce wai ƙirar jiya ce. Dalilin da ya sa na bi diddigin maganar ke nan.

Da farko dai, kube da mariƙi ba su nuna shekarun takobi, gama in sun lalace a kan sake su. Ruwan takobin shi ne abin dubawa.

Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin kowace shekara, galibinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. Ayarin raƙuma ke ƙetaro hamada da su, sa'an nan maƙera da dukawan Kano su yi musu mariƙi da kube. Watau takobi guda ya kan zama ruwansa na Turai, tufafinsa na Hausa.

To, sai a duba gindin ruwan, kusa da mariƙi. Wani a ga surar kyarkeci yana gudu, alamar da ta faro a garin Passau kafin Solingen ta ɗauka. Wani kuwa a ga jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Amma a yi hattara. Da maƙeran ƙasarmu suka ga masu saye na son alamun nan, su ma sai suka riƙa kwaikwayonsu. Wadda aka buga da hatimi ta kan fito tsaf, wadda aka zana da hannu kuwa ta kan ɗan karkace. Saboda haka alama kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa da kyawun ƙarfen da labarin magabata.

Roƙona shi ne, kada a kankare tsatsa da yashi ko magagari, don alamun za su tafi tare da ita. A shafa ɗan mai, a ajiye inda babu laima. A tambayi tsofaffi wa ya zo da shi, daga wane gari, a rubuta tun suna raye. Mai zuwa Kano kuma ya leƙa Gidan Makama ya gwada nasa da makaman da ke can.

Namu dai mun hana sayarwa. Allah ya jiƙan magabata, amin.