Asalin Kalmar Kangaru da Yadda Ake Amfani da Ita

Kangaru dabba ce ta ƙasar Ostareliya mai tafiya da tsalle a kan ƙafafun baya, kuma macen kan reni ɗanta cikin wata jakar fata da ke gaban cikinta. Na sha jin malaman firamare suna kiran ta babba-da-jaka, alhali a wurin Bahaushe wannan sunan tsuntsu ne tun kaka da kakanni. Gara a bar mata sunanta, domin shi ma yana da tarihi.

A shekarar 1770 jirgin ruwan Kyaftin James Cook ya daki duwatsun ƙarƙashin teku, aka ja shi bakin wani kogi don gyara, inda garin Cooktown yake a yau, a arewa maso gabashin Ostareliya. Sun yi kusan mako bakwai a wurin. Mutanen yankin, wato Guugu Yimithirr, suna kiran wani babban nau'in dabbar mai duhun gashi da suna gangurru. Joseph Banks, masanin tsirrai da ke cikin tafiyar, ya rubuta kalmar, sai Turawa suka ɗauka sunan dangin ne gaba ɗaya. Misalinsa kamar baƙo ne ya ji an ce barewa, ya kama kiran gada da mariri da gwanki duka barewa.

Ƙasar kuwa tana da harsuna sama da 250 a wancan zamani. Saboda haka da Turawa suka sauka Sydney a 1788 suna ta faɗin kangaru, mutanen can ba su san kalmar ba. Sun zaci ta baƙin ce, har suna kiran dabbobin da aka sauke daga jirgi da ita.

Akwai labarin da ya bazu cewa wai ma'anar kalmar ita ce "ban gane ba", amsar da aka ba Cook da ya yi tambaya. Labarin yana da daɗi a aji, amma ba shi da tushe. John Haviland, masanin da ya zauna da Guugu Yimithirr a shekarun 1970, ya tarar suna amfani da gangurru a matsayin sunan dabbar. Ya kamata malamai su daina koyar da shi.

A maganar yau da kullum 'yan Ostareliya kan taƙaita sunan su ce ru. Dabbar tana jikin tambarin ƙasarsu, da jiragen kamfanin Qantas, da kwabon dala ɗaya.

Mu kuwa a Nijeriya ta hanyoyi biyu muka fi jin kalmar. Jaridun Turanci kan ce kotun kangaru, maganar da ta samo asali a Amurka cikin ƙarni na 19, wato abin da muke kira kotun jeka-na-yi-ka. A asibiti kuma akwai renon kangaru, wanda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben bakwaini: uwa ta ɗaura jaririn a ƙirjinta, fata da fata, ɗumin jikinta ya riƙe shi har ya yi ƙwari.