Kafin Ka Kwance Kafireto, Duba Wayar Fulogi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil ranar Juma'a ya san Fijo ba ta mutu ba. A tsakanin manyan motocin da ke kwasar shanu daga kara, za ka hango fikof 504 ta rankwafa da buhuna tana tafe a hankali. Peugeot ta fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da haɗa ta shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Turai. A can yanzu motar ado ce, ana goge ta ana kai ta wajen nuni. A nan kuwa jari ce, ita ke ci da gida.

Ɗaya daga cikin waɗannan fikof ɗin ta kawuna ce, kuma ba na jin kunyar faɗa, daga cikinta kuɗin rajistata ke fitowa. Daminar bara, ina tsakiyar SIWES a wani gareji a Wudil, motar ta fara misin. Da safe sai an tura ta, in ta hau tudu da kaya ta riƙa shessheƙa, ga shan mai kamar ba gobe. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kun san shan mai ya tashi daga abin wasa. Kafin ta zo hannunmu an kwance kafireto sau biyu a wani wuri, an sa sababbin fulogai, har an fara yi wa Kawu zancen sauke inji. Juma'a uku bai je kasuwa ba.

Ogana bai ɗauki ko sifana ba. Ya ce a bar ta sai bayan isha'i. Da duhu ya yi muka tayar da ita, muka kashe fitilar gareji, ya buɗe bonet ya ce, "Injiniya, leƙa ka gaya min abin da littafinku ya ce." Sai ga shuɗin tartsatsi yana ɗan tsalle daga jikin waya biyu zuwa ƙarfen inji, kana ma jin ƙas-ƙas ɗinsa. Wutar da ya kamata ta isa fulogi tana zubewa a hanya.

Ga yadda abin yake. Batir volt 12 yake bayarwa, wannan kuwa ba zai iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi ba. Kwayil ne ke ɗaga ta zuwa dubbai, sau da yawa sama da 15,000. Daga kwayil waya ɗaya ta kai ta distiributa, shi kuma ya raba ta ga silinda huɗu bi da bi. Waya biyar ke nan. Wuta mai wannan ƙarfi ba ta da haƙuri, hanya mafi sauƙi take nema. In robar waya ta tsage ko da kamar silin gashi ne, kuma ga raɓa ko ƙurar hunturu da ta cakuɗe da baƙin mai ta kwanta a kai, to ta samu gajeriyar hanya. Silindar da ba ta samu tartsatsi ba za ta sha fetur ta tofar ta salansa ba tare da ta ƙona shi ba. Mafi muni, ɗanyen fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Wato wayar da ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba tana iya jawo maka aikin ringi.

Gwajin duhu kyauta ne, kuma in ka fesa ɗan ruwa kaɗan a kan wayoyin abin ya fi fitowa. Amma kar ka kai hannu inji yana aiki. Na gwada sau ɗaya, har kafaɗa na ji shi.

Sai dai ba kowace lalacewa ido ke gani ba, a nan ne mitar da muke wasa da ita a wokshof take da rana. Wayar fulogi kashi uku ce, bambancin yana cikinta. Akwai mai zaren tagulla, irin ta da. Turjiyarta kusan babu, tana da ƙarko, amma tana watsa hayaniyar da ke sa rediyon mota ƙara, kuma ba ta shiri da motar da ke da na'urorin lantarki. Akwai mai zaren kabon, wadda aka yi don kashe wannan hayaniya. Turjiyarta dubban ohm ce a kowace ƙafa, kuma da tsufa kabon ɗin yana karyewa a ciki alhali waje lafiya lau. Ta uku siririyar waya ce aka nannaɗe a kan zare, turjiyarta ƙasa da ta kabon sosai, kuma tana danne hayaniyar. Ita ta fi tsada.

Ka ɗora mita a kan ohm, ka taɓa baki da baki, kana lanƙwasa wayar a hankali. In lamba tana tsalle ko ta ɓace, cikin ya karye. Ka kuma gwama su da juna: doguwa ta fi gajera turjiya, wannan daidai ne, amma in biyu masu tsawo ɗaya suka yi hannun riga, ɗaya ta gaji.

A ganina, ga 504 mai kwantak da ke aikin kasuwa, duk ukun za su yi. Abin da ya fi cikin muhimmanci shi ne rigar. Ka nemi mai kaurin milimita 7, wadda ita ce ta saba shiga maƙalanta, in da hali mai rigar silikon, don ita ke jure zafin inji da na watan Afrilu. Masu kauri ja ko rawaya da samari ke so ba sa ƙara wa tsohuwar mota ko doki ɗaya. In za ka Ƙofar Ruwa, tafi da tsofaffin a leda da mitarka a aljihu, ka gwada tsawo da baki kafin ka biya. Gwanjo fa? A wasu kayan gwanjo ya fi sabo, ban musa ba. Ban da roba. Roba tana tsufa ko a ajiye take.

Batun gyara, ƙa'idar da na koya ita ce baki yana gyaruwa, jiki ba ya gyaruwa. In ƙarfen bakin ya yi tsatsa ko kore, ka goge shi da sanfefa mai laushi, ka ɗan matse shi ya kama. In ya ƙone kuma wayar tana da rara, yanke wajen, fere roba kamar santimita ɗaya da rabi, lanƙwasa zaren ya kwanta a bayan rigar, sannan ka danne sabon baki a kai. Jikin kuma a goge da tsumma da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Amma wayar da ta ƙandare ko ta tsage, naɗa mata salatif yaudarar kai ce. Salatif ɗin da aka yi don wutar gida ba zai tare volt dubu goma sha ba, zai dai kai ka gida yau.

Fijo tana da nata hali. Fuloganta suna can ƙasan rami a tsakiyar murfin inji, in robar ramin ta saki baƙin mai yana taruwa a ciki ya jiƙa bakin wayar. Ka sa sabuwa ba ka tsane ramin ka canza robar ba, bayan ɗan lokaci ka dawo gidan jiya. Wajen cirewa kuma a kama hular a murɗa, kar a fizgi wayar.

Sai tarkon da ya kama ni. Jerin tashin wutar 504 shi ne 1-3-4-2, na haddace shi tsaf. Na cire wayoyin duka lokaci ɗaya, na mayar ina ƙirga silinda ta ɗaya daga wajen lagireto. Da aka yi kik sai ta yi wata irin tari ta kafireto, Oga ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe Peugeot daga baya take ƙirgawa, ta ɗaya ita ce ta kusa da giya. Ita kuwa Volkswagen ƙirar kunkuru nata jerin 1-4-3-2 ne. Don haka a cire ɗaya, a mayar da ɗaya, kowace ta bi maƙalinta, kar ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi ko ta manne da 'yar uwarta.

Waya biyar muka sa, muka goge cikin hular distiributa, muka zubar da baƙin man da ke warin fetur. Juma'ar da ta biyo baya, tun kafin rana ta fito Kawu ya yi lodin farko. Kafireton da aka kwance sau biyu ba mu taɓa shi ba.