Robar da Ke Ɗinke Kanta a Hannun Mutum-mutumi

Da wuya hannun ƙarfe ya tsinki nunannen tumatir ba tare da ya latse shi ba. Shi ya sa masu ƙera mutum-mutumi suka koma yin yatsu da roba mai laushi, ana hura musu iska su lanƙwashe su damƙi abu a hankali. Sai dai laushin nan da ya ba su daraja shi ne lagonsu. Ƙaya ɗaya ta huda yatsa, iska ta zurare, aiki ya tsaya cak. Robar silikon da aka fi amfani da ita kuwa, idan ta yage ba ta narkewa a sake zuba ta, sai bola.

Wannan asara ce ta sa Seppe Terryn da Bram Vanderborght da abokan aikinsu na jami'ar VUB da ke Burusel, a Beljiyam, suka nuna wata hanya a 2017. Sun yi hannu da tsokar roba daga sinadaran furan da maleimide, waɗanda ke ƙulluwa ta hanyar da Otto Diels da Kurt Alder suka gano tun 1928. Idan aka yanki robar aka ɗumama ta zuwa digiri 80 na kimanin minti 40, sai ƙullin sinadaran ya kwance, bakin yankan ya haɗe. Tana hucewa sai ya sake ƙulluwa, bayan kwana guda ta dawo da kusan duk ƙarfinta. A 2019 Tarayyar Turai ta zuba Yuro miliyan 3 a shirin SHERO na binciken irin wannan roba, har da jami'ar Kambirij a ciki.

A ganina, babbar riba tana wajen sake fasali. Robar da zafi ke kwance ƙullinta ana iya yanke ta da gangan, a liƙa wani yatsa a sabon wuri, hannun da ya tsinci tumatir jiya ya koma ɗaukar ƙwai yau, ba sai an sayi sabo ba.

Matsalolin ma na gaske ne. Robar da ke warkewa da ɗan zafi takan saki jiki idan ta daɗe ɗauke da nauyi. Ƙura idan ta shiga yankan, ba ya kamuwa da kyau, gona kuwa ba ta rabo da ƙura. Ga kuma kwana guda na jira, wanda mai masana'anta ba zai lamunta ba alhali sauya yatsan silikon aikin 'yan mintuna ne. Muddin ba a rage wannan jira ba, robar za ta fi zama a ɗakin bincike fiye da gona.